Sittin nawa, mabuɗi na Alhaji

A watan Maris na 2025 ina zaune bakin shagona a Birnin Kebbi, an ɗauke wuta, yara sun watse, ina ta latse-latsen waya sai na ci karo da labarin Ubisoft, kamfanin nan na Faransa mai yin wasannin gem irin su Assassin's Creed da Far Cry. Kamfanin Tencent na ƙasar Sin ne zai zuba musu Yuro biliyan 1.16. Yawan kuɗin bai dame ni ba, irin wannan lissafi ko a mafarki ba ya zama a kaina. Yadda aka ƙulla cinikin ne ya sa na kife wayar na yi tagumi, don abin da masu kamfanin suka riƙe gam shi ne ni na saki da hannuna, a kan kuɗin da ba su kai na tirela ɗaya ta shinkafa ba.

Gidan gem nake da shi. Na buɗe a 2019 da injunan wasa na PS4 guda uku, benci biyu, fanka ɗaya da ƙaramin janareta mai tari kamar tsohon mashayin taba. Ɗaliban foli da samarin unguwa ne abokan cinikina, kuma kusan kowa wasan ƙwallon FIFA yake bugawa, sai a yi ta rigima a kan wa zai ɗauki Madrid. Abin yana ciyar da ni har da ɗan ragi. Sai ga 29 ga Mayu 2023, aka ce tallafin mai ya tafi. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin wata biyu ta wuce 600. Wasan naira 100 ba ya biyan man da ya ƙona. Na ƙara kuɗi, yara suka ragu. Mafita ɗaya ce, sola da batura, ni kuwa ko kuɗin fanel biyu ban da su.

Kawuna ne ya kai ni wurin wani abokinsa, Alhaji mai harkar shinkafa. Bayan La'asar muka same shi a zaure, buta a gefensa, waya biyu a kan tabarma. Na tsuguna na gaishe shi, na yi bayani ina in'ina. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Yaro, nawa kaka biɗa?" Na faɗa. Ya ce ai wannan ba ya isa, in za a yi a yi mai kyau: shago babba a bakin titi, sola, PS5 guda biyu, da babban talabijin na kallon ƙwallo. "Ni ban da lokacin zaman shago. Arba'in nau, sittin naka." Na ce, "Allah shi ƙara girma, Baba." Aka shafa fatiha.

A hanyar komawa na ce wa kawu ko za a ɗan rubuta. Ya tsaya da mashin ya waigo ya dube ni. "Kana nufin ba ka yarda da Alhaji ba?" Na haɗiye maganar. Kunya ce ta kama ni, kuma har yau ina jin haushin wannan kunyar, don ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umarni ne a rubuta bashi a kafa shaidu. Na haddace ta tun ina makarantar allo. Ranar da ya kamata ta yi mini amfani sai na ji tsoron fuskar kawu.

To ku ji yadda mutanen da suka san darajar abinsu suke yi. 'Yan'uwa biyar ne 'yan gidan Guillemot suka kafa Ubisoft a 1986, ɗayansu, Yves, shi ke shugabanci. A 2015 wani babban kamfanin Faransa, Vivendi, ya fara sayen hannun jarinsu a kasuwa ba tare da an gayyace shi ba, sannu-sannu har ya tara kusan kashi 27. A 2016 ya ƙwace musu ɗaya kamfanin nasu, Gameloft, mai wasannin waya, suna ji suna gani. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Suka yi ta faɗi-tashi har Vivendi ya haƙura ya sayar da nasa a Maris 2018 a kan kusan Yuro biliyan 2, kuma a wannan cinikin ne Tencent ya shigo da kashi 5.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Satumba 2022. Tencent ya zuba Yuro miliyan 300 a kamfanin iyalin, wanda ta hanyarsa suke riƙe da rabonsu na Ubisoft. Aka ba shi kashi 49.9 na dukiyar, amma kashi 5 kacal na ƙuri'a. Ku sake karanta wannan. Kusan rabin riba tasa ce, amma in aka zauna yanke shawara muryarsa ba ta fi ta mai kawo ruwa ba. Har iyakar abin da zai iya saye kai tsaye a Ubisoft sai da aka rubuta masa, kada ya wuce kashi 9.99.

Ni a zauren Alhaji ban san cewa rabon riba daban, rabon magana daban ba. Na ɗauka mai sittin shi ne mai gida. Na fito ina lissafi a zuciya, sittin ta fi arba'in, ashe lissafin 'yan firamare nake yi.

Ga yadda abin ya kasance a ƙasa. Da aka je kama sabon shagon, Alhaji ne ya biya hayar shekara biyu, rasit ya fito da sunansa. Sola da inbata da batura yaronsa ne ya sayo daga Kano, rasit da sunan Alhaji. Na'urar POS da asusun da kuɗin tiransifa ke shiga, aka ce a yi da sunan ɗansa, tunda shi ya iya harkar banki. Kowane ɗaya da aka yi shi kaɗai, ba abin magana ba ne, ni ma da bakina na ce hakan ya yi. Sai da aka yi wata shida na zauna na duba, na ga babu ko takarda ɗaya a duk shagon mai ɗauke da sunana, in ban da rasit ɗin tsofaffin PS4 ɗina. Ko rajistar sunan kasuwanci ta CAC ban taɓa yi ba, ina ta cewa sai an samu sarari.

Akwai kuma kuskuren da ban gane kuskure ne ba sai da na karanta labarin 2025 ɗin nan. Kafin Tencent ya sa ko sisi, sai da aka yi wa abin da zai saya kuɗi. Aka ware manyan wasanni uku, Assassin's Creed da Far Cry da Rainbow Six, aka zuba su a sabon reshe, wanda daga baya aka raɗa wa suna Vantage Studios. Aka ƙiyasta shi a kusan Yuro biliyan 4, sannan aka ce kuɗinka sun saya maka kusan kashi 25. Mafi yawan wannan ƙima suna ne da masoya, abubuwan da ba a ɗauka a hannu. Ni da Alhaji ya tambaye ni me na kawo, sai na ƙirga injuna uku da benci da fanka. Ban ƙirga shekara huɗu da na yi ina tara yaran nan ba, har suna tsallake gidajen gem biyu su zo nawa. Ban ƙirga cewa ni ke buɗe hannun PS in gyara shi da kaina in maɓalli ya maƙale ba, ko cewa ni na san wane yaro ake ba bashi wane ne ba a ba shi. Duk wannan na bayar kyauta, kamar gyaran da mai tumatir ke ƙarawa.

Shekara ba ta cika ba batura biyu suka mutu, zafin Kebbi na watan Afrilu ba ya raga wa batir. Alhaji ya sake ba da kuɗi, ko ɓata fuska bai yi ba. Ban tambaya ba: wannan bashi ne ko ƙarin jari? Ni a raina bashi ne, za a cire daga ciniki. Shi a ransa jari ne. Ranar rabon ƙarshen wata ɗansa ya buɗe littafi ya ce ai yanzu hamsin da biyar ne nasu. Na ce tun yaushe? Ya ce tun batura. Na je wurin kawu, kawu ya ce shi dai abin da ya shaida arba'in da sittin ne, na batura ba a gabansa aka yi ba. Gaskiya ya faɗa.

Wannan tambaya ta bashi ko jari, manya ma a kanta suke kwana. A Satumba 2025 aka sanar da cinikin sayar da EA, masu yin ƙwallon da muke kira FIFA har yau duk da sun canja masa suna zuwa FC tun 2023. Dala biliyan 55, masu saye kuwa asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya ne da wasu kamfanoni biyu na Amurka. A cikin kuɗin kusan biliyan 20 rance ne, kuma a irin wannan ciniki kamfanin da aka saya shi ke ɗaukar nauyin biya. Kuɗi in sun shigo duk launinsu ɗaya, sai ranar biya ake gane wanne ne wanne.

Batun alkawarin baki kuwa, kada ku zaci ciwon talaka ne. Wani kamfanin Suwidin mai suna Embracer ya yi ta sayen ƙananan kamfanonin gem kamar mai tsintar gyaɗa, yana dogaro da wata yarjejeniya ta sama da Dala biliyan 2 da aka amsa masa da baki. A Mayu 2023, daren da gari zai waye su gabatar da rahotonsu, ɗaya ɓangaren ya ce ya fasa. Abin da ya biyo baya sallamar ma'aikata ne da rufe wuraren aiki, a Afrilu 2024 kuma suka sanar da raba kamfanin gida uku. Su da lauyoyinsu ke nan.

Tawa rabuwar da Alhaji ba ta yi ƙara ba. Wata rana Alhaji ya kira ni ya ce yana ganin a gyara tsari: ɗakin PS5 da kallon ƙwallo su zama harka guda, ɗansa ya riƙe, ni in ci gaba da ɓangaren PS4 ba tare da kowa ya sa mini baki ba. Har ya ce ya bar mini nasa kason na wannan ɓangaren. A kunne kamar kyauta. Amma kowa ya san inda tsokar take, daren da Arsenal ke wasa kaɗai ɗakin kallo yana kawo abin da PS4 uku ba sa kawowa a kwana huɗu. Daidai abin da Ubisoft suka yi ke nan, a tsame nama a bar romo. Bambancin shi ne a can masu gidan ne suka tsame, suka riƙe rinjaye, kuma cikin mutum biyu da aka ba shugabancin sabon reshen har da Charlie, ɗan Yves. A nan ɗan mai kuɗi aka ɗora.

Kada wani ya karanta wannan ya ce Alhaji azzalumi ne. Na daɗe ina son in faɗi haka, bakina ya ƙi. Mutumin nan bai taɓa yi mini ƙarya ba, bai ci mini ko naira ba a rabo. Ya tsare dukiyarsa ne kamar yadda ɗan kasuwa ke yi, ni ne na zo kasuwa da zumunci. Kuma kada ku ɗauki 'yan Guillemot gwanaye. Hannun jarin Ubisoft da ya haura Yuro 100 a 2018 ya faɗo kusan Yuro 10 a ƙarshen 2024, sun rufe wuraren aiki, mutane sun rasa abinci, ƙananan masu jari suna ta ƙorafin cewa iyalin sun fi damuwa da kujerarsu. Riƙe mabuɗi ba ya mayar da mutum gwanin kasuwa. Ni ma da na riƙe nawa, mai yiwuwa da batura sun kashe ni.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne ba sai na je Faransa ba. Daga baya wani malaminmu ya zaunar da ni ya yi mini bayanin ƙirali, abin da bankunan Musulunci ke kira mudaraba: ɗaya ya kawo dukiya, ɗaya ya kawo aiki, a yanka rabon riba tun farko, mai dukiya ba ya shiga cikin gudanarwa, in an yi asara ba da sakaci ba shi ya rasa kuɗinsa, kai ka rasa wahalarka. In kuwa kowa ya kawo dukiya, wannan tarayya ce, hukuncinta daban. Ya tambaye ni wanne muka ƙulla da Alhaji. Na yi shiru, don ban sani ba, kuma na tabbata Alhaji ma da za a tambaye shi sai ya yi tunani.

Saboda haka ƙanena, ko gidan gem ne, ko shagon caji, ko ɗinki, ranar da wani ya ce zai sa kuɗi, ka yi godiya, ka roƙi kwana uku. Ka yi wa abinka kuɗi kafin ya yi masa, har da sunanka da mutanenka. Ka tambayi sunan wa zai hau kan rasit ɗin haya da asusu. Ka tambaya in an buƙaci ƙarin kuɗi gobe, me zai faru da kasonka. Ka tambaya in ɗayanku ya gaji, wa zai sayi na wa, kuma wa zai yi kuɗin. In ka ji nauyin faɗa a gaban manya, ka ce malaminka ne ya ce a rubuta, ba wanda zai yi musu da aya.

Yanzu na koma ƙaramin shago da PS4 ɗina uku da PS5 ɗaya da na saya na hannu. Watan jiya wani ɗan ƙanwar mahaifiyata da ke aiki a Jega ya zo ya ce yana da ɗan abin da ya tara, yana so ya shigo. Na sayo littafi mai layi na naira 300, na kira maƙwabcina tela da limamin masallacinmu. Ya yi dariya ya ce, "Haba Yaya, ni da kai?" Na miƙa masa biro na ce ya fara rubuta kwanan wata.