Ta ce mini "to", ni kuma na sallame ta

Har yau idan uwa ta ce mini "to, Sista" a ɗakin yara, sai gabana ya faɗi.

Da aka ba ni shugabancin nas-nas na sashen yara a asibitinmu a nan Jos, abin da na fara sa wa gaba shi ne a gauraya ma'aikata. Duk mazaunin garin nan ya san dalili. Tun rikicin 2001, aka zo na 2008 da na 2010, unguwanni suka rabu, har ta kai uwa takan kalli fuskar nas da shigarta kafin ta miƙa mata ɗanta. Ga Filato kuma ƙabilunta sun haura 40. Na yi ta sintiri a ofis har muka samu masu jin Berom, Ngas, Tarok da Mwaghavul, da nas ɗaya Bafulatana. Na ji daɗin kaina ƙwarai, na ɗauka an gama.

Sai na tafka kuskuren. Ita Bafulatanar na ajiye ta a aikin safe, saboda lokacin ne manyan likitoci ke zagaye. Na ce a raina, da yamma da dare ai Hausa ta wadatar, wa ke Jos bai jin Hausa?

Wata Laraba da yamma muka sallami yaro ɗan wata 9 da aka kawo daga wata ruga ta wajen Barkin Ladi, gudawa ta tsotse shi. An yi masa ƙarin ruwa ya farfaɗo. Ni da bakina na yi wa uwar bayani: ƙunshin ORS ɗaya, wato garin gishiri da sukari na masu gudawa, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ga ƙwayar zink kullum har kwana 10. Tana sunkuye tana cewa "to, to". Mijin yana waje wajen biyan kuɗi. Ban tsaya jiransa ba, gadaje sun cika, na sallame ta.

Bayan kwana biyu suka dawo da yaron yana jijjiga. Ashe ƙunshin gaba ɗaya take juyewa a ɗan ƙaramin kofi, gani take yi idan ya yi kauri zai fi ƙarfi. Gishiri ya yi wa jininsa yawa. Shi kuwa irin wannan ba a sauke shi da gaggawa, sai a hankali cikin kamar kwana biyu, don kada ƙwaƙwalwa ta kumbura. Kwana biyun nan ban yi barcin kirki ba. Allah ya sa yana da sauran shan ruwa, ya tashi.

Mijin ne ya ce da ni, ba da faɗa ba: "Sista, ai Hausarta ta sayar da nono ce. Kunya ce ta hana ta ce ba ta gane ba." Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Lita na ce mata fa. Mace daga ruga, ina ta san lita? Da na ce ledar fiya wata biyu, da na ɗauko na haɗa a gabanta, da duk wannan bai faru ba.

Wani abu kuma ya fito da Bafulatanar nas ɗinmu ta zauna da ita. Wani matashin likita, ba ɗan arewa ba, ya riga ya rubuta a fayil cewa uwar ba ta damu da ɗanta ba, wai ba ta kiran sunansa, ba ta rungumarsa a gaban mutane. Ɗan fari ne! Kowace Bahaushiya ta san kunyar ɗan fari, balle Fulani. Ni na karanta rubutun nan tun kwanciyar farko, ban gyara masa ba, kuma na tabbata ya rage mana natsuwar da ya kamata mu ba ta.

Yanzu harshe nake fara dubawa kafin in rubuta jadawalin aiki. Kowane duti, har na dare, sai an san wa ke jin me, an kuma manna a allo. Ba a sallamar kowace uwa sai ta haɗa ruwan da hannunta, ko ta ja maganin a sirinji mun ga iyakarsa. Na hana sa yara 'yan rakiya tafinta, miji ma ba na dogara da shi kaɗai, domin akwai abin da mace ba za ta faɗa a gabansa ba. Laya da tofi ba ma taɓa su, haka addu'ar fasto. Amma cire beli wajen wanzami da tsaga jikin jariri, wannan muna magana a kai da kakanni kai tsaye, cikin ladabi, tun da su ke yanke hukunci a gida.

Abin da ke ci mini rai shi ne har yanzu mai jin Fulatanci ɗaya ce tal. Ran da take hutu, waya muke buga mata tsakar dare ta yi tafinta. Sau uku ina rubuta takardar neman a ɗauko ta biyu, ana ce mini babu gurbi. Ranar Litinin zan kai ta huɗu, da fayil ɗin yaron nan a hannuna.