Turo min hoton bakin in gani

Wannan maganar ta "turo min hoto" ta zama ruwan dare yanzu a harkar lafiya, kuma ni dai ban ga laifinta ba, musamman a kan gyambon baki. Mu da muke aiki a ƙaramin asibitin karkara mun san yadda abin yake, mutum zai zo da miki a gefen harshe ya ce ai haƙori ne ya cije shi, ko zafi ne ya taso masa, ya sha jiƙe-jiƙe ya kurkure da ruwan gishiri wata da watanni, likitan da ya san harkar baki da muƙamuƙi kuwa sai an je irin su Asibitin Malam Aminu Kano ko Shika. Wa zai kashe kuɗin mota saboda ɗan kurji? To anan waya take shigowa, a ɗau hoton bakin a tura wa likitan ya duba.

Irin wannan gyambon yana iya zama kansar baki, ita kuwa ba ƙaramin abu bace fa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 an samu sabbin masu ita sama da 377,000, kuma sama da 177,000 sun rasu. Taba ce kan gaba, ta sha da ta tsotsa, sai giya. A Indiya abin ya fi muni saboda wani ƙwallo da suke taunawa da ganye da taba, (ba goronmu bane, kar wani ya tsorata). A Sudan kuma tumbak ne, wanda ake dannawa a cikin leɓe. A jihar Kerala ta Indiya an yi wani babban bincike da aka wallafa a 2005, ma'aikatan lafiya na bin gida-gida suna leƙa bakin mutane da fitila kawai, kuma mace-mace ya ragu a cikin masu taba da giya. A Maleshiya har manhaja suka yi mai suna MeMoSA, a ɗau hoto a tura wa ƙwararre ya ce wannan a kawo shi, wannan a bari.

Amma ɗaukar hoton ma aiki ne wallahi. Baki duhu gare shi, ga yawu yana ƙyalli, in ka kunna filas sai wurin ya fito fari fat kamar ba komai. Ni fita nake da mutum bakin ƙofa inda akwai hasken rana, in ce Baba a ɗan kurkure bakin tukuna, don jan goro yana rufe abubuwa da yawa, sannan in kama harshen da auduga in ja shi gefe in ɗauka daga nesa da kusa. Ƙarƙashin harshe da gefensa su ne wuraren da aka fi mantawa, kuma nan ɗin kansar take son ɓuya. Sai in rubuta shekarunsa, yana shan taba ko a'a, yaushe abin ya fara. Kuma sai da izininsa, bakin mutum ba abin yawo a guruf bane.

Abin da ke ɗaga min hankali shi ne farin tabo da ba ya gogewa, ko jan tabo, ko gyambon da ya wuce sati 3 bai warke ba ko da kuwa ba ya ciwo. Rashin ciwon nan shi ke yaudarar mutane.

Inda nake rigima da wasu abokan aiki shi ne da zarar likita ya rubuto "kamar ba matsala" sai su ɗauka magana ta ƙare. Haba. Hoto ba ya jin taurin nama, ba ya lalubo kaluluwa a wuya, kuma ba wanda zai tabbatar kansa ce ko ba ita ba sai an yanki ɗan nama an kai ɗakin gwaji. Amfanin hoton shi ne ya nuna mana wa za a fara turawa birni, ya kuma ba ni ƙarfin bakin ce wa 'ya'yan dattijo ku nemo kuɗin motar nan, babban likita ya gani ya ce a zo. Wanda aka ce a bari kuwa, ina sa shi ya dawo bayan sati 2, in wurin na nan yadda yake sai in rubuta masa takarda ya tafi.