Kuɗin shiga hamada

Asabar. Jif ta dawo daga wajen bakanike, kukan nan na ƙafar gaba ya ɗauke, sai na wuni ina murmushi ni kaɗai. Tutar yashi ma, wadda ake kafa wa mota don a hango ta daga bayan tudu, ta iso. Amira ta ɗauke ta tana zagaya falo da ita har sai da uwarta ta tsawata.

Bayan la'asar Yaya Sabo ya zo da taswirarsa, muka baje a tebur muna lissafin tafiyar Yuli: daga Mount Dare mu gangara Dalhousie, mu bi hanyar French Line mu tsallake hamadar Simpson ta Ostireliya har Birdsville. Dizal, jarkokin ruwa, taya biyu na ko-ta-kwana, rediyon oba-oba, duk bai ce uffan ba. Ina kai wa ga takardar izinin gandun hamada ta jihar Kudancin Ostireliya, wadda suke kira Desert Parks Pass, sai ya ajiye biro.

"Habu, kuɗin me ke nan? Kwalta suka shimfiɗa mana?"

Na ce ai ka'ida ce, Yaya.

"Ka'idar wa? Hanyar nan masu neman man fetur na Faransa ne suka yanka ta da katafila tun shekarun 1960. Tudun yashi sama da 1,100 ne a gabanmu, ka taɓa jin an kai gireda ko ɗaya? Iska ce ke gyaran hanyar, ita ce kuma ke ɓata ta. Idan giyarka ta mutu a tsakiya, takardar nan ba za ta jawo ka ba. Motar ceto za ka kira daga Birdsville ko Mount Dare, ka ƙirga dubban daloli daga aljihunka. To me na saya?"

Abin haushin, duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Yaya Sabo ba ya gardama da ƙarya, shi ya sa gardama da shi ke gajiyar da mutum.

Na jawo nawa. Na ce banɗakunan Dalhousie da wurin kwana ba daga sama suka faɗo ba. A maɓulɓulan ruwan ɗumin nan akwai ƙananan kifaye da babu irinsu a ko'ina a duniya, kuma da an bar kowa ya faka mota inda ya ga dama da tuni bakin ruwan ya zama turɓaya. Gandun Munga-Thirri, wanda ke cikin hamadar Simpson, hekta miliyan 3.6 ne tun da aka haɗe shi a 2021, shi ne mafi girma a ƙasar, ga raƙuman daji suna ɓarna, dole wani ya zagaya. Wanda ke rufe hamadar daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris don kada zafi ya kashe irinmu, shi ma albashi yake ci. Kuma takardar shekara guda take yi, ba kwana ɗaya ba.

Ya ce, "Harajin da ake yanka a albashina kowane wata fa, na me ne?"

Nan na yi shiru. Binta ta leƙo daga kicin ta ce, "Yaya, firijin da kuka saka a bayan mota ya ninka takardar nan sau nawa?" Muka yi dariya, na ɗauka magana ta mutu.

Ba ta mutu ba. Shi da kansa ya jawo maganar hanyar Canning da ke Yammacin Ostireliya, wadda yake mafarkin bi tun kafin in san shi. Kimanin kilomita 1,850 daga Wiluna zuwa wajen Halls Creek, rijiyoyi 51, gargada mai kwance ƙusoshin mota. Ya ce can ma sai da izini, alhali rijiyoyin da ke ba da ruwa yawanci 'yan sa-kai ne suka gyara su. "Burtalin shanu ne na gwamnati," in ji shi, "wa zan biya kuma?"

Na ce masu ƙasar. Ya ɗaga kafaɗa, ya naɗe taswira, ya ce zai yi tunani. Muka yi magariba ya tafi.

Wannan ɗaga kafaɗar ce ta hana ni sakat.

Domin rijiyoyin nan ba Alfred Canning, mai awon ƙasa da aka sa wa hanyar sunansa, ne ya gano ruwansu ba. Lokacin da ya yi awon hanyar a 1906, mazan 'yan asalin ƙasar ya sa aka ɗaure da sarƙa don su nuna masa inda ruwa yake. An kafa hukumar bincike a 1908, ta wanke shi, ya koma ya haƙa rijiyoyin, da yawansu a kan ruwan da mutanen nan suka rayu da shi tun kaka da kakanni. Sai a 2002 kotu ta tabbatar wa mutanen Martu, 'yan asalin yankin, haƙƙin ƙasarsu. Kusan shekara ɗari ke nan tsakani. Yanzu mu zo da motocinmu masu sanyi, mu sha daga rijiyar, mu ɗauki hoto, sannan mu tsaya ciniki a kan 'yan daloli.

Kuɗin gandun gwamnati, to, ana iya zama a yi masa lissafi, ka biya kaza ka samu kaza, kuma Yaya yana da bakin magana idan ya tambayi inda ake kai shi. Ni ma zan so in ga an baje lissafin a fili. Amma na Canning ba sayen hanya ba ne, sallama ce a ƙofar gidan mutane. Takardar na zuwa da bayanin inda aka yarda ka shiga da inda ba a yarda ba, domin akwai wuraren da masu su ke girmamawa, ba wurin yawon ido ba ne. Wanda ya wuce ba izini ba wayo ya yi wa gwamnati ba. Kuma idan irinsa suka yi yawa, abin da ke biyo baya shi ne a rufe wurin ga kowa, har da mu da muka biya.

Duk wannan a raina na faɗe shi, ina wanke kofuna. A gabansa ban iya ba. Yaya ne.

Tuta sai ta kai mita 3.5 daga ƙasa, gobe zan auna. Ciwon bayan nan ya dawo.

Wajen ƙarfe goma na shiga intanet na biya tawa. Ban daɗe ba saƙon Yaya Sabo ya shigo, ba gaisuwa ba komai: "Takarda ɗaya za ta yi wa mota biyu?" Na rubuta masa cewa kowace mota da tata. Ya karanta, bai ba da amsa ba.