Nijar Ta Fita Daga ECOWAS: Abin Da Ya Shafi Mai Kaya A Hanyar Illela

Ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar, Mali da Burkina Faso daga ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta tabbata, shekara guda bayan sun ba da sanarwa, kamar yadda sashe na 91 na yarjejeniyar ƙungiyar ya tanada. Ƙasashe 15 suka koma 12. Motoci ba su fasa tsallakawa daga Illela ta jihar Sakkwato zuwa Ƙonni ta Nijar ba, kasuwar dabbobi tana ci ran Lahadi yadda ta saba, shi ya sa da yawa a Sakkwato suka ɗauka zancen na 'yan siyasa ne kawai. To, akwai abin da ya canja. Abin da ɗan kasuwa ke yi da a matsayin haƙƙinsa, yanzu alfarma ce ake yi masa, alfarma kuwa ana iya janye ta da takarda guda.

Sai a fara raba abubuwa biyu da mutane ke gwamutsawa. Wahalar da aka sha daga Agustan 2023 ta takunkumi ce: sojoji sun kifar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli, ECOWAS ta rufe iyaka ranar 30 ga wata, Najeriya ta yanke wutar lantarki, tireloli suka yi jerin gwano a Illela. An ɗage wannan ranar 24 ga Fabrairun 2024, iyakar kuma ta buɗe a watan Maris. Ficewa kuwa wani abu ne daban. Ba ta rufe ƙofa ba, dokar da ke tsare mai shiga da fita ta cire. A ranar ficewar ECOWAS ta umurci sauran ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida na 'yan ƙasashen uku, su bar su su shiga ba biza, su kuma ci gaba da yi wa kayansu rangwamen fito, amma duk wannan na wucin gadi ne har sai an daidaita. Ƙasashen ukun, da suka haɗu a ƙawancen ƙasashen Sahel da ake kira AES, su ma sun ce ƙofarsu buɗe take ga 'yan ECOWAS, amma sun ajiye wa kansu ikon hana wanda ba su so shiga.

Inda kuɗin yake shi ne tsarin rangwamen fito na ECOWAS da ake kira ETLS, wanda aka fara tun 1979. Ya kasa kaya gida uku. Amfanin gona da dabbobi, da kuma aikin hannu irin su fata, tabarma da takalmin gargajiya, suna wucewa ba kuɗin fito, kuma ba a nemi takardar shaidar asalin kaya a kansu ba. Kayan masana'anta kuwa sai kamfani ya yi rajista an amince da shi, ya nuna cewa aƙalla kashi 60 cikin ɗari na ɗanyen kayan daga yankin suka fito, ko kuma aikin da aka yi a gida ya ƙara wa kayan daraja da kashi 30 cikin ɗari. Kayan da suka zo daga wajen yankin su ne ke faɗawa cikin harajin bai ɗaya da ya fara aiki a 2015, mai hawa biyar: sifiri, kashi 5, 10, 20 da 35.

A yi lissafi. Mutum ya ɗauko kayan da aka ƙera a Kano, bokitan roba ko makamantansu, duwan, wato kwastan ɗin Nijar, a Ƙonni ta ƙiyasta su a kan sefa miliyan 10. In takardarsa ta ETLS ta karɓu, kuɗin fito babu, sai harajin kayan masarufi na Nijar, kashi 19 cikin ɗari, da 'yan ƙananan caji. In kuwa aka ɗauke su a matsayin kayan waje a hawan kashi 20, fito kaɗai miliyan 2 ne. Harajin kashi 19 ɗin kuma a kan darajar kaya haɗe da fiton ake lissafa shi, wato an ƙara masa wajen sefa dubu 380. Ga kuma sabon harajin rabin kashi ɗaya cikin ɗari da AES ta sanar a ƙarshen Maris ɗin 2025 a kan kayan da ke shigowa daga waje, wani dubu 50 ke nan. Bambancin ya doshi miliyan biyu da rabi a mota guda. Ɗan kasuwar da ribarsa ba ta kai kashi goma ba, ba ta yadda zai ɗauki wannan. Abin da zai yi sananne ne: a sauke kayan a Illela, a rarraba su a babura da ƙananan motoci, a bi ta daji. Kayan za su isa, gwamnatoci biyu su yi asarar haraji, 'yan fasa-ƙwauri da masu shinge su samu.

Gaskiyar magana, tun kafin ficewar ma mafi yawan cinikin wannan iyaka ba ta takarda yake bi ba. Kuma zama a ECOWAS bai hana Najeriya rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ba, lokacin Illela na cikin huɗun farko da aka buɗe. Don haka wanda ke cewa da can komai lafiya lau yake, bai yi fatauci a hanyar nan ba. Bambancin shi ne a da akwai teburin da ake kai ƙara, akwai yarjejeniyar da za a ce an karya. Yanzu babu.

An ga hakan a aikace. A Oktoban 2024 Nijar ta hana fitar da gero, dawa, masara, shinkafa da wake zuwa ko'ina in ban da Mali da Burkina. A Mayun 2025, gab da Babbar Sallah, ta hana fitar da dabbobi domin farashin rago ya sauko a kasuwanninta. Wanda ya san kasuwar Illela da ta Achida ya san daga ina mafi yawan manyan raguna da raƙuma ke fitowa. Dillali da fatoma a nan suka rasa dabbobin sayarwa, mai layya a Legas ya biya da tsada, makiyayin Tawa kuma ya sayar da arha a gida. Wannan hanin ya fi kowane kuɗin fito cizo, don fito ana iya lissafa shi a ɗora a kan farashi, hani kuwa da daddare ake jin sa a rediyo bayan mutum ya riga ya ba da kafin alƙalami.

Makiyaya na da tasu takardar. Shawarar ECOWAS ta 1998 ta kafa takardar shaidar ƙetare iyaka da garke, wadda ke nuna yawan dabbobi, allurar rigakafin da aka yi musu, hanyar da za a bi da kuma mashigar da za a tsallaka. Ta tanadi makiyayi ɗaya ga kowane kai 50, kuma kada garke ya tsallaka da ƙasa da mutum biyu. Ba kowa ke yankar ta ba, amma in rikici ya tashi da manoma ko jami'ai, ita ce hujjar Bafulatani cewa ba kutse ya yi ba. Cibiyar lafiyar dabbobi ta ƙungiyar ma a Bamako aka kafa ta, hukumar lafiya ta yankin kuma a Bobo-Dioulasso, duk a cikin ƙasashen da suka fita.

Masu albasa su ne suka fi kowa shiga tsaka mai wuya, don su ba Nijar kaɗai suke nufa ba, ratsa ta suke yi. Albasar Gada, Wurno, Goronyo da Aliero da ke zuwa Kumasi da Akara takan bi ta Nijar da Burkina ko ta Benin. Kaya masu wucewa suna tafiya ne a ƙarƙashin yarjejeniyar 1982, inda ake ɗaure kaya da hatimin kwastan a ba da jingina, sai katin inshorar mota na ECOWAS mai ruwan ƙasa, wanda ke biyan diyya in direba ya yi haɗari a wata ƙasa. Albasa ba ta jira. Buhunan da ke ƙasan tirela su ke fara gumi, in motar ta kwana uku a rana tamfol a rufe, wuyan albasar ya yi laushi, ruwa ya fara ɗiga ta ƙasan bodi, wari ya tashi, ruɓar buhu guda ta kama na kusa da shi. Shi ya sa kafin a yi lodi ya kamata a busar da ita sosai, a bar iska tsakanin buhuna, a kuma tabbatar ta bakin direban da ya dawo a makon nan, ba na watan jiya ba, cewa ana karɓar katin inshorar da takardar wucewa a mashigar da za a bi. Gadar Malanville zuwa Gaya, a iyakar Benin da Nijar, wadda Nijar ta ƙi buɗewa bayan ɗage takunkumi ta tilasta wa kayan Yamai bin tashar Lome su ratso Burkina da rakiyar sojoji, hanya mai tsawo da tsada.

Batun kuɗi kuwa ana yawan kuskurensa. Ƙasashen uku ba su fita daga UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, ba, har yanzu sefa suke kashewa, wadda ke ɗaure da yuro a kan sefa 655.957 ga yuro guda. Ke nan kayan Kwaddibuwa ko Togo na da wata ƙofar rangwame ta shiga Nijar da na Najeriya da Gana ba su da ita. In ETLS ta faɗi, mu ne za mu fi jin jiki. Abin da ke riƙe kasuwar yanzu shi ne faɗuwar naira tun Yunin 2023, wadda ta sa kayanmu suka yi wa mai sefa araha. Cire tallafin mai kuma ya kashe ribar fasa-ƙwaurin fetur, har Nijar ta shiga ƙarancin mai a Maris ɗin 2025 duk da matatar Damagaram, sai da ta nemi taimakon Najeriya.

A ɓangaren siyasa, sojojin da ke mulki sun sami abin da suke so: babu mai tsare su da wa'adin zaɓe. Talakan Nijar kuwa ya rasa kotun ECOWAS da ke Abuja, kotun da ta yanke hukunci a shari'ar bautar Hadijatou Mani a 2008, ta kuma ba da umurnin sakin Bazoum a Disambar 2023. Tsaro shi ne ya fi damun Sakkwato. Iyakar ta kai kusan kilomita 1,500, ta ratsa jihohi bakwai daga Kebbi zuwa Borno. Lakurawa da suka addabi Tangaza da Gudu a tsakanin ƙasashen biyu suke shawagi, ga shi a Disambar 2024 Janar Tiani, shugaban mulkin sojan Nijar, ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa, Abuja ta musanta, a Maris ɗin 2025 kuma Nijar ta janye daga rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi.

Abin da ya rage a hannu shi ne hulɗar ƙasa da ƙasa. Hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar, mai mazauni a Yamai, tun 1971 take, ta girmi ECOWAS da shekara huɗu, kuma ficewar ba ta shafe ta ba. Layin wuta daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi, da titin Sakkwato zuwa Badagry da ya faro daga Illela, duk suna bukatar yarjejeniyar da ta fi sanarwar wucin gadi ƙarfi. Ƙungiyoyin 'yan albasa da na masu dabbobi a jihar Sakkwato, can ya kamata su matsa lamba a rubuta musu abu uku: wace takarda ake karɓa a Ƙonni, nawa ake biya a kan buhu da kan kowace dabba, da kuma kwana nawa za a ba da sanarwa kafin a hana fitar da wani kaya.