Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Watan Haihuwar Tumaki a Tsaunukan Kambiriya

Masu karatu, barkanmu da sake saduwa. A makon jiya mun tsaya inda aka saki raguna cikin garke a ƙarshen Nuwamba. Cikin tunkiya kwana 147 ne ko kusa da haka, don haka tsakiyar Afrilu haihuwa ke kankama a gonakin tudu na yankin tafkuna, arewa maso yammacin Ingila. Da gangan ake jinkirtawa, don 'ya'yan su sauka daidai da tohon sabuwar ciyawa.

Tumakin nan 'yan asalin wurin, Hadwik, a fili suke haihuwa. Ana sauko da su daga tsauni zuwa filayen kusa da gida masu katangar dutse, makiyayi yana zagaya su tun asuba har duhu. Ɗan yakan fito baƙi wuluk, sai ya girma gashin ya koma ruwan toka.

Baƙo zai ɗauka yanyawa ce babbar abokiyar gabar makiyayi. Tana ɗauka kam, hankaka ma yana ƙwaƙule idon wanda ya kwanta ba ƙarfi. Amma sanyi da yunwa sun fi su kisa nesa ba kusa ba, kuma a sa'o'in farko suke yin ɓarnarsu.

Haihuwa mai kyau, ƙafafun gaba biyu ne ke fara leƙowa, hanci na kwance a kansu. In tunkiya ta daɗe tana nishi ba ci gaba, a wanke hannu, a shafa man santsi, a laluba. Sau da yawa ƙafa ɗaya ce ta lanƙwashe baya. Sai a tura kan ciki a hankali, a kamo kofaton cikin tafin hannu don kada ya yagi mahaifa, a miƙo shi. Da ya faɗo a share masa hanci, a tsoma cibiya cikin aidin. Cibiyar da aka bari a jiƙe ƙofar ƙwayar cuta ce, bayan mako biyu sai ka ga gwiwa ta kumbura yana ɗingishi.

Sai dakashi, wanda a ganina shi ne rabin aikin. Ƙa'ida ita ce mililita 50 kan kowane kilo na nauyin ɗan a shan farko, cikin awa biyu, sannan 200 kan kilo kafin kwana ya zagayo. Mai kilo 4 ke nan yana buƙatar 200 nan take. A matsa nonon uwar a tabbatar kowane kai ya buɗe, domin wani yakan toshe, ɗan ya yi ta tsotson banza ana zaton ya ƙoshi. A taɓa cikinsa, shi ke faɗin gaskiya.

Wanda aka tsinta a takure, ma'aunin zafi ne alƙali. Zafin jikin lafiyayye digiri 39 zuwa 40 ne a ma'aunin Salsiyas. In ya sauka ƙasa da 37, ya wuce awa biyar da haihuwa, kuma ba ya iya ɗaga kai, kada a fara da ɗumama shi. Kitsen da ya zo da shi duniya ya ƙare, ɗumi ba sukari a jini sai ya jawo masa fizge-fizge ya mutu. Ana fara yi masa allurar ruwan gulukos mai ƙarfin kashi 20 cikin 100, mai ɗumi, mililita 10 kan kilo, a cikin ciki ƙasa da cibiya kaɗan. Wannan allura a hannun likitan dabbobi ake koyon ta. Bayan nan a sa shi a akwatin ɗumi, in ya farfaɗo a ba shi dakashi ta bututu.

In uwa ta rasa ɗanta, wata kuma ta haifi biyu ba isasshen nono, ana feɗe mataccen a sanya wa rayayyen fatar kamar riga. A bar wutsiyar a jiki, don ta baya uwa ke sansana. A killace su tare. Cikin kwana biyu ko uku yawanci ta karɓe shi, sai a cire fatar kafin ta yi wari.

Masu ɗa ɗaya suna komawa tsauni a Mayu, masu tagwaye a riƙe su ƙasa. Kafin a sake su sai an yi wa kowane ɗa shaidar gidansu, fenti a gashi da yanka a kunne, domin can sama babu shinge ko ɗaya. Yadda uwa ke koya wa ɗanta iyakar makiyayarsu a filin da ba katanga, shi za mu ɗauko mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.