Ɗaura sirdi da linzami ba tare da an cutar da doki ba

Yawancin mikin da ake gani a bayan doki daga sirdi yake. A aza sirdin a saman kafaɗa, a ja shi baya har ya zauna da kansa, kamar yatsu 2 zuwa 3 bayan ƙashin kafaɗa. Kada ƙarshensa ya wuce haƙarƙari na ƙarshe, domin ƙugu ba wurin ɗaukar nauyi ba ne. Bayan mahayi ya hau, yatsu 2 zuwa 3 su iya shiga tsakanin gaban sirdi da tudun ƙashin da ke tsakanin kafaɗu. Majayi kuwa, wato ɗamarar da ke riƙe sirdi ta ƙarƙashin cikin doki, a ɗaure shi da kaɗan-kaɗan, tafin hannu ɗaya bayan inda ƙafar gaba ta haɗu da jiki.

In an sauke sirdi a duba gumi. Wurin da ya bushe a tsakiyar jiƙaƙƙen baya, nan sirdi ke matsawa. In aka ƙyale shi, farin gashi zai fito a wurin, ko ya zama miki. Ƙara shimfiɗa a ƙarƙashin matsattsen sirdi ƙara matsi yake yi.

Linzami yana zama ne a dasashin da babu haƙori. Ya zarce baki da kamar rabin santimita ta kowane gefe, ya ɗan tattare kusurwar leɓe kaɗan. In ya sauka da yawa zai bugi haƙora. Dokin da ke kaɗa kai ko buɗe baki, a duba masa haƙoransa kafin a ce taurin kai ne.