Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ladan Dakan Gwaggo

Makon jiya mun tsaya inda na baro garin Mai Wurno na tare wajen Gwaggo a kudancin Kartum, babban birnin Sudan, ina haɗa yajin agashe, wato tsiren Sudan, ina ɗurawa a kwalba ina kai wa masu shaguna. Ciniki kam ana yi. Kuɗin ne ba na gani.

Wata ƙawata da ke jami'a ce ta turo mini sanarwa a WhatsApp, wai ana ɗaukar masu ƙananan sana'o'i a wata cibiya. Larabawa na ce wa irinta "hadina", wato mai reno, kamar kazar da ta kwanta kan ƙwai. A lokacin irinsu sun fara yawa a birnin, ana jin sunan su Impact Hub da 249Startups, wadda ta ɗauko sunanta daga lambar wayar Sudan. Tamu ƙarama ce, kuma zan ɓoye sunanta. Ni dai jari na je nema, ba zan yi muku ƙarya ba.

Abin da na tarar shi ne tebur, intanet, da wutar da ba ta ɗaukewa. Wanda ya zauna a Kartum a farkon 2021 ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A sati na biyu malamin lissafin kasuwanci ya tsayar da ni gaban allo, ya ɗaga kwalbata sama.

"Nawa kike kashewa a kan guda ɗaya?"

Na shiga zayyanowa: ƙuli-ƙuli, barkono, citta, kanumfari, masoro, gishiri, kwalba. Yana rubutawa yana gyaɗa kai.

"Kuɗin raksha fa?" Wato babur mai ƙafa uku. Na faɗa. "Daka fa, wa ke yi?"

"Ni da Gwaggona, Ustaz."

"Nawa kike biyanta?"

Dariya ta kuɓuce mini. Shi ko gezau. Ya sa na kimanta abin da mai dakau za ta karɓa a wuni, ya raba da yawan kwalaben. Da ya ja layi ya haɗa, sai ga shi kowace kwalba faɗuwa nake yi a kanta. Ashe wata bakwai ƙarfin tsohuwa nake sayarwa ina kiransa riba. Alli ya ɓata mini hannu, kunya ta hana ni ɗaga kai.

Kuma lokacin bai yi wa kowa daɗi ba. A watan Fabrairun shekarar gwamnati ta karya darajar fam, dala ta tashi daga 55 zuwa 375 a farashin banki, hauhawar farashi ta haura kashi 300 cikin 100. Kwalbar da na saya yau, jibi ta canza kuɗi. Malamin ne ya koya mini in daina ba da kaya bashin wata guda, in riƙa karɓar kuɗina ta Bankak, manhajar banki ta waya, ranar da na sauke kaya. Shago uku suka sallame ni a kan haka.

Ba komai nasu ne ya yi mini ba fa. Rabin darasin da Turanci ake yi, don masu ba da tallafin Turawa ne, har aka sa mu haddace bayanin minti uku kamar masu tilawa. Masu manhajar waya ake ji da su. Mu masu yaji da zoɓo muna can baya.

Daren ranar allon, bayan isha'i, na sami Gwaggo a tabarma tana jan carbi. Na ajiye kuɗi gefenta a ƙulle cikin hankici.

"Na mene ne?"

"Na daka ne, Gwaggo. Daga yau duk sati za ki riƙa karɓa."

Ta dube ni tsawon lokaci. "Ni kika mayar 'yar ƙodago? Ni da na goyi ubanki?" Ta ture ƙullin da ƙafa, ta shige ɗaki ta saki labule.

Da asuba ban ji ƙarar taɓarya ba. Na leƙa tsakar gida, turmin a kife yake, ga kwalba 60 da na yi alkawarin kaiwa Omdurman ranar Alhamis.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.